Mesar da Ta Kwanta a Hannun Baba

Har yau in na je gida Dakoro, ina gama gaisuwa sai in wuce gindin randuna. Inna tana zaton ƙishirwar hanya ce, ni kuma ba na musa mata, sai in ɗauki moɗa in sha. Randunan suna nan a rumfarsu, a dashe cikin jiƙaƙƙen rairayi, kowace da faifanta a baki. Abin da babu shi ne akwatin katakon da ya taɓa zama a gefensu, da mutumin da ke zaune a ƙofar ɗakin da ke kallonsu yana yi wa kowa gyara.

Baba, Allah ya jiƙansa, horar da dabbobi ne sana'arsa. Wanda duk ya sayi ɗanyen bijimi a kasuwa yana so ya ja masa garma ko amalanke, ko ya sami ɗan raƙumin da ya ƙi gurfana, gidanmu yake kawo shi. Da hannunsa na dama aka san shi a gari. In ya damƙi ƙaho da shi ya murɗa, sai ka ga bijimi ya kai gwiwa ƙasa yana huci. Maganarsa kullum ita ce dabba ba ta sanin mai ita sai ta ji hannunsa. Mu ƴaƴansa ma mun ji hannun, ba sai na tsawaita ba.

Wata safiya yana alwala buta ta suɓuce masa, ya sunkuya zai ɗauka, bai tashi ba. Tansiyo ce, wato hawan jini, in ji likita a Maradi, ta shanye masa ɓarin dama. Da aka dawo da shi gida, a hankali ƙafa ta dawo har yana takawa da sanda, baki ma ya dawo ko da yake maganar tana ɗan ja. Hannun ne ya ƙi. Yana nan a rataye kamar na aro, ko an mintsine shi Baba bai sani ba.

Sai ya ɓoye hannun, ya ɓoye kansa tare da shi. Ya koma sa babbar riga yana cusa shi a ciki. Ya daina zuwa kasuwa, ya daina zaman zaure, salla ma a ɗaki. Duk wanda ya yi sallama, umarnin da ya ba Inna shi ne ta ce ya sami barci. Inna ta yi ta faɗin barcin nan har masu zuwa dubiya suka gane, suka ɗauke ƙafa. Abu ɗaya ya yarda da shi, shi ma don likita ya tsananta: kowace hantsi a fito masa da kujera bakin ƙofar ɗaki, a kife ƙaramin turmi a gabansa, a miƙe hannun, gwiwar hannun a kan hannun kujera, wuyan hannun a kan turmi, don kada ya ƙage. Ko motsin ƙyauren zaure ya ji, sai ya sa na hagu ya janye shi cikin riga. Ni a lokacin ina koyarwa a lakwal, gidan mijina ba nisa, kullum ina hanya. Tsoron da nake ji, wanda ban taɓa faɗa wa Inna ba, shi ne ba ciwon ne zai kashe mana uba ba, ɗakin nan ne.

Ana cikin haka, a farkon bazara, yayana ya dawo daga Kwatano. Babbar mota yake tuƙawa, kuma tun muna yara shi ne mai kwaso mana fitina: ya taɓa kawo aku mai zagi da wani yare, ya kawo kunkurun da ya cinye wa Inna yakuwa. Wannan karon akwati ne mai raga a gaba, da reshe a gicciye a ciki. A kan reshen wata ƴar mesa ce, kaurinta bai fi babban yatsa ba, rawaya kamar garin ɗorawa. Ta naɗe kanta gaba da baya a kan reshen kamar an ɗora wa jaki akumari, ta ajiye kai a tsakiya. Ya ce wani ma'aikacin jirgin ruwa da suka saba ne ya bar masa ita. Daga wasu tsibirai masu nisa take, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa, kuma irinsu a bisa itace suke rayuwa, ba sa sauka ƙasa sai dole. Ya ce ba ta da dafi, in ta girma kuma koriya za ta koma. Wai ya kawo ta ne ta ɗebe wa Baba kewa.

Inna ta ce gidan da ke da majinyaci mutane kaji suke kawowa, shi da ya fi kowa hankali ya kawo maciji. Ta ce ko ita ko abin nan a gidan. Baba kuwa ya leƙo ta labule, ya yi mata kallo ɗaya irin na ranar kasuwa, ya ce dabbar da ba a hawa, ba a tatsa, ba a yankawa, mai kiwonta aikin yi ne ba shi da shi. Zancen komawa koriya kuwa, ya ce haka dillali ke faɗa in zai sayar maka da ramammen maraƙi: bari dai damina ta sauka.

Kafin ya koma hanya, Yaya ya bar mana dokoki. Tana son laima da inuwa, zafin Dakoro in ya same ta kai tsaye ba za ta kai labari ba. Ba a taɓa ta in rana ta yi sanyi, don lokacin farautarta ke nan, duk abin da ya gitta sara take kai masa. Babbar dokar kuwa, wadda ya maimaita har ya gundure mu, ita ce ba a ɓamɓare ta daga inda ta naɗe. Ƙashin bayanta da na wutsiya ba su da ƙwari, in ka ja sai ka karya ta. In kana son ɗaukarta, ɗauki reshen da ita a kai, ko ka tara mata abin hawa daga ƙasa ka jira ta ga dama. Ya faɗa, ya tayar da motarsa, ya bar mu da jidali.

Wurin da ke da laima a gidanmu ɗaya ne, gindin randuna, nan aka ajiye ta suna kallon juna da ƙofar Baba. Inna da ta rantse ba ruwanta, kwana biyu sai ga ta ta jiƙa tsohon buhu ta lulluɓe akwatin, yadda ake yi wa bidon ruwa, wato jarka, don ya yi sanyi. Tana tsoma tsintsiya a ruwa tana yi mata yayyafi ta raga, tana yi tana mita. Ta zuba mata nono a ƴar tasa, don kowa a garinmu ya san maciji da nono. Nonon ya tara ƙuda, mesa ko kallo. Ta sa mata ƙwai, shi ma haka. Ɓerayen rumbu ne suka zama abincinta, ni ke miƙa mata da awartakin da na aro wurin maƙeri, ina miƙawa ina karanto duk addu'ar da na sani. Ni matsoraciyar maciji ce ta gaske, ko igiya na gani a hanya sai na yi tsalle.

Kawuna, ƙanen Inna, shi ya fara karya doka. Ya zo daga Sabon Maci da la'asar sakaliya, ya ji ana cewa ba a taɓawa, ya ce wa ke nan? Shi da ya sha maganin maciji a hannun gardi tun yana saurayi? Ya buɗe raga ya kai hannu ta sama zai shaƙe ta a wuya, yadda ya ga gardawa suna yi a kasuwa. Kafin mu ce kada, ta sakar masa haƙora a tsakanin yatsu. Kawu ya warware rawani ya ɗaure damtse, ya zauna a ƙasa ya fara wasiyya, har ya yafe wa Inna wani ɗan akuya da suka yi rigima a kansa tun suna yara. Da aka kira magariba bai mutu ba, ya ce to mun dai ga amfanin maganin nan.

A ranar na ji dariyar Baba daga bayan labule, ta farko tun da ya kwanta. Da ta lafa sai ya ce, "Ba a zuwa mata ta bisa. Shaho ne ke zuwa ta bisa."

Ashe ya daɗe yana kallonta. Su biyu ne a gidan ba su da wurin zuwa, kuma hali zanen dutse ne, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana karantar dabbobi ba zai ga dabba a gabansa ya kau da kai ba. Ya fara ba mu labarinta kamar mai kawo tsegumin maƙwabta. Shi ya gano ba ta shan ruwan tasa, ɗigon da ya taru a lanƙwasar jikinta take sha bayan yayyafi, don haka Inna ta daina yi mata rowa. Shi ya ce in ta janye wuya ta lanƙwasa shi a ja da baya, in kuwa harshe kawai take fitarwa a hankali, gaisuwa ce. In yamma ta yi ta sako bakin wutsiya tana kaɗawa kamar tsutsa, ya ce tarko ta ɗana, yunwa take ji. Ni ce na fi shan gyara. In zai tsokane ni Madam yake ce mini, yadda ƴan lakwal ke kirana. Yakan ce hannun Madam rawa yake kamar na ɓarawon kaza, ita tana tsorona ina tsoronta, mun taru muna firgita juna a banza.

Da damina ta sauka, gero ya rufe gonaki, sai kore ya fara fito mata a baya, ɗigo-ɗigo kamar tsiro. Duk saɓar da ta yi sai ya ƙaru, har ta koma tsanwa shar da ɗan fari-fari a gadon baya. Baba ya ce to, yau ga dillalin da ya faɗi gaskiya. Amma duk wannan daga bakin ƙofar ɗaki yake yi. In an yi sallama hannu yana komawa riga, Inna kuma tana nan tana faɗin barci.

Laimar da ke rayar da mesar ita ce ta ruɓar da reshenta. Muna hutun lakwal lokacin, wata hantsi na zo na ga ya yi baƙi ya fara lotsawa a tsakiya, dole a sauya. Na samo reshen aduwa na kankare ƙayoyin, na fito da tsohon da ita a kai, na tara mata sabon daga ƙasa. Ta ƙi. Ta janye wuya, hannuwana suka kama sana'arsu ta rawa, tsohon reshen kuma yana ƙara kamar zai karye. Baba yana kujerarsa, hannun yana miƙe a kan turmi. Ya ce in kawo ta nan. Ya miƙo na hagu zai karɓi reshen, ta kai masa saran gargaɗi a iska, ya janye. Don in huta, sai na jingina bakin reshen a kan turmin.

Ta sauke kai ta taɓa wuyan hannun daman da harshe. Sai ta zame a hankali ta hau, ta bi hannun har kusa da gwiwa, ta dawo, ta sake komawa, ta jera lanƙwasarta gefe da gefe yadda take yi a reshe, ta ajiye kai a tsakiya. A duk gidan, wannan ne kaɗai hannun da ba ya rawa, ba ya cafka, ba ya zabura. Baba ya daɗe yana kallonta. Abin da ya ce kawai shi ne in yi sauri in gyara mata akwati, ba zai wuni yana tsaron maciji ba. Da na gama na tara mata sabon reshen, sai da ta ga dama ta bi shi, shi kuma bai ce an ɓata masa lokaci ba.

Washegari shi da kansa ya ce reshen aduwar bai zauna daidai ba, a fito da ita a duba. Kashegarinsa ma haka. Muka daina jiran dalili, kowace hantsi in an miƙe hannun a kan turmi sai in kawo ta.

Baba yana da amini, wani tsohon makiyayi daga wajen Rumbu, tare suka yi ƙuruciya a bayan shanu. Shi kaɗai ne bai ɗauke ƙafa ba. Duk ranar kasuwa sai ya zo ya yi sallama, a ce masa barci, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya ajiye ƙwaryar nono a zaure ya tafi. Ran nan ya yi sallama mesa tana kwance a hannun Baba. Na ga Baba ya kai na hagu zai janye na dama cikin riga kamar kullum, sai ya tsaya. In ya ja, ya karya ta. Ya dubi Inna da idon nan da duk mun sani. Inna ta dubi mesar, ta dube shi, ta gyara ɗankwali, ta ɗaga murya.

"Shigo, Malam, idonshi biyu."

Duk zamansu ban taɓa ganin ta saɓa masa a gabanmu ba sai ranar. Tsohon ya shigo da sanda a kafaɗa, ya tsaya. Ya kalli hannun, wanda ya rame ya koma rabin yadda ya san shi, ya kalli abin da ke kansa. Ni dai ina roƙon Allah kada ya ce sannu. Da ya ce sannu da muryar nan ta ƴan dubiya, na san Baba ko bakin ƙofa ba zai sake fitowa ba.

Tsohon ya tsuguna ya ce, "Kai da ka ƙare kana kama bisashe da ƙarhi, yau ga wadda ta kama ka ko gumi ba ta yi ba."

Baba ya ce, "Matsa baya, warin shanunka na damunta."

Shi ke nan. Suka shiga zancen wani bijimi mai ɗingishi da tsohon ya kawo kasuwa, Baba yana tambaya ko ƙafar gaba ce ko ta baya, ko kofaton ya yi zafi. Har mesa ta gaji ta koma reshenta suna magana, hannun yana nan a fili a kan turmi, ba wanda ya tuna da shi. Ni na shiga madafi na yi kukana, Inna ta ce hayaƙi ne, ta matsa mini wuri.

Labari ya bi kasuwa cewa akwai koren maciji da ba ya hawa hannun kowa sai na Baba, kuma tun da gani ya kori ji, aka fara zuwa kallo. Da mutane suka cika tsakar gida suka hana Inna sakat, Baba ya ce a kai kujera da turmi zaure. Inna takan biyo su da tsintsiyarta ta yi wa mesar yayyafi, ta haɗa da ƴan kallon da suka matso da yawa. Masu zuwa don maciji sukan ƙare da tambaya a kan jakinsu ko ragonsu. Baba ya koma horar da shanu da baki, yana zaune yana ba masu su umarni, har na ji shi da kunnena yana ce wa wani ya daina fizgar igiya, ya tsaya cik ya bar maraƙin ya zo da kansa. Na tambaye shi ko shi ne ko an sauya mana uba, ya ce Madam ta tafi lakwal ɗinta. Wata Juma'a ya ɗauki sanda ya tafi masallaci, hannun yana lilo a waje.

Bayan an kai gero rumbu, wata hantsi muna zaure, ni da shi da Inna da ta kawo masa kunu, mesa tana kwance a wurinta. Ni na fara gani. Babban yatsan hannun ya motsa, ɗan kaɗan, kamar ɓera ya leƙo daga rami. Ita ma ta gani. Kafin in buɗe baki ta kai masa sara.

"Wash," in ji Baba.

Jini ya fito ɗigo-ɗigo a gindin yatsan. Inna ta ajiye kwano za ta nemo tsumma, sai ta tsaya a tsakiyar zaure ta juyo. Hannun nan mun mintsine shi, mun gasa shi da ruwan zafi, wanzami ya tsaga shi ya shafa magani, mai shi bai taɓa cewa uffan ba.

"Malam, mi ka ce?"

Ya kalli yatsan, ya sake motsa shi, wannan karon da gangan. Na tara wa mesar reshenta ta bi, na kawo tsumman zan goge jinin. Sai ya kira ni da sunan da yake kirana in ba wasa, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

"Uwata, bar shi ya zuba. Da zahi, wallahi."

Hannun bai koma na da ba. Bai sake murɗa ƙaho ba, amma ya ja tasbaha, ya riƙe finjalin shayi, ya shafa kan jikoki, kuma da shi ya riƙa gaisawa da mutane a ƙofar masallaci har Allah ya karɓi abinsa. Mesar kuwa, kafin wata bazarar Yaya ya mayar da ita bakin teku wurin wani mai kiwon irinsu, don ta girma, buhu da tsintsiya sun daina isarta. Inna da ta ce ko ita ko abin nan, ita ce ta raka akwatin har bakin mota tana jaddada masa yayyafi.

Amma abin da nake tunawa in na tsaya gindin randuna da moɗa a hannu shi ne kwanakin da suka biyo bayan saran. Baba bai riƙe ta a zuciya ba, washegari ma ya ce a kawo ta. Ya miƙe hannun a kan turmi, ya cije, ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya tsayar da shi cik. Sai dai hannun da rai ya fara komawa cikinsa ba ya tsayawa, yatsun suna ɗan karkarwa ko bai so ba. Ta sauke kai ta taɓa shi da harshe, ta janye, ta koma reshenta ta naɗe. Muka yi ta gwadawa kowace hantsi, ba ta sake hawa ba. Na yi murna, na kuma ji tausayinsa, don na ga yana kewarta kamar yadda ake kewar mutum. Ran da muka gwada na ƙarshe, na ce ko in ƙara matso da ita. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ɗauke hannun daga kan turmin, shi da kansa, ba da taimakon na hagu ba, ya ɗora a gwiwa.

"Bar ta, Uwata," ya ce. "Ta gane ba icce ba ne."